Zongon Lome: Jama'a na ta ƙaruwa, hanya na nan guda ɗaya

A ƙidayar jama'a da aka gudanar a ƙasar nan ta Togo a ƙarshen shekarar 2022, an samu mutum 154,431 a ƙaramar hukumar Agowe-Nyibe ta 4, wato Togblekope da unguwannin da ke kewaye da ita, ciki har da Zongonmu. Domin mai karatu ya gane nauyin wannan adadi, sai ya tuna cewa a ƙidayar 2010 birnin Sokode, wanda shi ne na biyu wajen yawan jama'a a ƙasar a wancan lokaci, mutum 95,070 aka samu a cikinsa. Ke nan wannan yanki da har gobe wasu mutanen cikin gari suke ɗauka tamkar wani ƙauye ne a bakin hanyar Tsevie, ya zarce abin da Sokode take da shi shekaru goma sha biyu kafin nan. Tambayar da muke son ɗorawa a wannan fili ita ce: ta ina waɗannan bayin Allah suke bi su fita neman abinci da safe, ta ina kuma suke dawowa da yamma? Amsar kowa ya san ta. Titi guda ne, babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wadda ta tashi daga Lome ta miƙe arewa sama da kilomita 600 har Sinkase a kan iyakar Burkina Faso.

Kafin mu shiga batun hanyar, yana da kyau matasanmu su san yadda aka yi muka tsinci kanmu a nan, domin da yawansu sun ɗauka tun fil azal a nan Zongo yake. Fataken Hausawa masu safarar goro da dabbobi suna zaune a Lome tun kafin Jamusawa su mayar da ita hedkwatar mulkinsu a 1897. An sha ɗage Zongon daga wannan wuri zuwa wancan yayin da gari yake faɗaɗa, amma duk a cikin gari ake juyawa, inda mutum zai taka da ƙafa ya je babbar kasuwa ya dawo ya yi sallar Azahar a masallacin unguwarsu. A shekarar 1977 ne, zamanin mulkin Janar Gnassingbe Eyadema, aka rushe tsohon Zongo baki ɗaya, aka nuna wa mutanensa fili a nan Togblekope, kimanin kilomita 15 arewa da tsakiyar gari. Inda gidajen kakanninmu suke, manyan gine-ginen bankuna da ofisoshi ne suka maye gurbinsu. Dattawan da suka ga wannan ƙaura suna ba da labarin cewa daji suka tarar, da gonakin rogo da masara na 'yan ƙasa, har wasu ma suka gwammace su kama haya a unguwannin cikin gari da su zo su zauna inda zuwa kasuwa sai da mota. Wani Bafaranshe mai bincike, Michel Agier, ya zauna cikin mutanen Zongo jim kaɗan bayan ƙaurar, ya kuma wallafa littafi a 1983 a kan yadda masu gida da dillalai suke tafiyar da cinikin shanu da goro. Wanda duk ya san wannan sana'a ya san cewa jarin maigida shi ne baƙi su iya isowa gidansa cikin sauƙi. To an ɗauke shi daga bakin kasuwa an ajiye shi a bakin titi, daga ranar kuma titin nan ya zama shi ne rayuwarsa.

Abin da waɗanda suka tsara ƙaurar ba su hango ba shi ne, garin da aka fitar da mu daga cikinsa zai biyo mu. Yau Lome ta haɗiye Agowe, ta haɗiye Togblekope, ta tsallake kogin Zio ta isa Adetikope. A 2010 mutanen Lome da kewayenta kusan miliyan ɗaya da rabi ne, a 2022 kuwa sun kai 2,188,376, daga cikin mutum 8,095,498 na ƙasar baki ɗaya. Wato a duk mutum huɗu na Togo, fiye da ɗaya a nan yake kwana. Daga cikin wannan adadi, 882,695 a yankin Agowe-Nyibe suke, yankin da sai a 2016 aka yanke shi daga Golfe. Wani abin lura kuma, tsakanin 1981 da 2010 ba a yi ƙidaya ko sau ɗaya a ƙasar nan ba. Shekara 29 ke nan, kuma su ne daidai shekarun da Zongo ya tashi daga 'yan gidaje a cikin gonaki ya zama abin da yake yau. Waɗanda suke zaune a ofis suna tsara tituna da makarantu da famfo a waɗancan shekaru, da wane lissafi suke aiki? Da hasashe, kuma hasashen bai taɓa kamo ƙafar haihuwa da baƙin da ke sauka kullum daga Sokode da Bafilo da Mango da Dapaong, da Nijar da Najeriya da arewacin Benin ba.

Matsalar titin nan ita ce aiki biyu yake yi a lokaci guda, kuma ayyukan ba sa jituwa. A wurin direban da ya ɗauko kwantena daga tashar jiragen ruwa ta Lome zai kai Wagadugu ko Yamai ko Bamako, hanya ce ta ƙasa da ƙasa, burinsa ya fice daga gari da sauri kafin rana ta yi zafi. A wurinmu kuwa layin unguwa ne. A nan yaro yake tsallakawa ya je makaranta, a nan tsohuwa take tsallakawa ta je awon hawan jini, a nan ake tsallakawa da gawa zuwa maƙabarta, a nan mai koko da mai tsire da mai facin taya suke kasa sana'arsu. An yi hanyar zagaye wadda ta ɗebe manyan motoci daga tsakiyar gari, kuma madalla da wannan aiki, mutanen Be da Tokoin sun samu sauƙi. Sai dai hanyar zagayen ta zo ta haɗe da babban titi ne a Agowe, kudu da mu, saboda haka duk motar da aka kawar daga ƙofar gidajen mutanen cikin gari, ta ƙofar gidajenmu za ta wuce idan arewa ta nufa. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Sau biyu a cikin shekarun nan aka nuna mana ƙarara haɗarin dogaro da hanya guda. Na farko a daminar 2008, lokacin da ambaliya ta karya gadoji da dama a kudancin ƙasar, ciki har da ta Amakpape da tamu ta Togblekope a kan Zio. Waɗanda suka yi wayo a lokacin ba za su manta yadda aka raba ƙasar gida biyu ba. Manyan motoci suka koma zagayawa ta Kpalime su ɓulla Atakpame, a kan titin da ba a gina shi domin irin wannan nauyi ba, shi ma ya farfashe. Kayan abinci da ke zuwa daga arewa suka yi tsada, masu gidajen baƙi da dillalan dabbobi suka zauna hannu rabbana. Daga baya ƙasar Sin ta taimaka aka sake gina gadojin Togblekope da Lilikope da Amakpape. An gyara gada, amma ba a ɗauki darasin da ruwan ya zo da shi ba, wato a samar da wata mafita ta biyu mai inganci wadda za ta ɗauki nauyi idan ta farko ta samu matsala.

Na biyun shi ne wanda har yanzu idan aka ambace shi a majalisa sai wurin ya yi tsit. Ranar Juma'a 13 ga Disamba, 2024, wata babbar mota ɗauke da tankin gas wanda tsawonsa ya wuce ƙa'ida ta daki gadar masu tafiya a ƙasa ta Agowe-Zongo, ɓangaren gadar ya rufto a kan ababen hawan da ke wucewa a ƙarƙashinta, mutum takwas suka rasu, wasu suka ji munanan raunuka. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Hukuma ta sanar da buɗe bincike, kuma ba aikinmu ba ne mu yanke hukunci a kan wanda ke da laifi. Amma akwai tambayar da ko yaro zai iya yi. Motar nan ba daga sama ta faɗo ba, daga wani wuri ta taso, ta wuce mararraba da shingaye da idanun jama'a kafin ta iso ƙarƙashin gadar. Ina aka auna tsawon kayanta? Wa ya ba ta izinin bi ta cikin unguwa da tsakar rana, a ranar Juma'a, lokacin da titin yake cike da mutane? Gadar da aka gina domin ta kare rayukan masu tsallakawa, ita ce ta danne mutane. Mu a ganinmu duk wata gada irin wannan da ke kan titin tana bukatar ƙarfen auna tsawo a can gabanta ta kowane ɓangare, da ma'aikacin da zai tsaya a kansa dare da rana, kaya masu girman da ya fita daga al'ada kuma kada su motsa sai da rakiya, cikin dare.

Akwai masu cewa maganin abin shi ne a kori manyan motoci daga Zongo kwata-kwata. Muna jin wannan magana sosai daga masu bugo waya a shirye-shiryenmu na rediyo, musamman iyaye mata, kuma ba mu ga laifinsu ba. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: da motocin nan muke ci. Shekara da shekaru tashar da ake kira Terminal du Sahel, a nan gefenmu, ita ce matattarar motocin ƙasashen da ba su da teku, kuma a kewayenta ne dubban mutanenmu suka samu abin yi, daga bakanike da mai walda zuwa mai sayar da tuwo, mai wankin mota, ɗan kamasho, mai canjin kuɗi, da maigidan da direban Maraɗi ko na Tawa yake sauka a gidansa kamar yadda kakansa ya sauki mai jakuna. Da aka buɗe dandalin masana'antu na Adetikope a watan Yunin 2021, da filin ajiye manyan motoci da tashar sauke kaya ta kan tudu, wasu sun yi murna cewa cunkoso zai ragu, wasu kuma sun shiga zullumin cewa kasuwa za ta bi motocin ta tsallake kogi. Duka ɓangarorin biyu suna da hujja. Sannan bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023 da rufe iyakarta da Benin, kaya masu yawa da a da suke bi ta Kwatano suka dawo ta Lome, su ratsa Burkina Faso su shiga Nijar. Kuɗi ya shigo aljihun wasunmu, ba ma musun wannan, amma duk wata ƙarin mota a kan titin nan guda ta bi. Abin da muke nema shi ne a raba hanyar baƙo mai wucewa da ta ɗan unguwa: manyan motoci a tsakiya ko a wata hanya ta bayan gari da za ta sada su da Adetikope kai tsaye, babura da masu ƙafa uku da masu tafiya a ƙasa kuma su samu nasu layin a gefe, mai shinge.

Idan aka bar babban titi aka shiga cikin unguwa kuwa, nan ne ake gane cewa kwalta ta masu wucewa ce. Mafi yawan layukan Hausa-Zongo da Kotokoli-Zongo da Fidokpui da Alinka jar ƙasa ce da yashi, da rani ƙura, da damina taɓo da kududdufai. A watan Yuni, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi, akwai lungunan da mai tasi ba zai shiga ba ko nawa za a ba shi. Mace mai naƙuda a irin wannan lungu, a bayan babur za a ɗauke ta zuwa bakin titi, idan kuma abin ya fi ƙarfin asibitin unguwa aka ce sai babban asibitin Sylvanus Olympio da ke Tokoin, to sai a shiga layin cunkoso tare da tireloli. Shi kansa babur ɗin haya, wanda ake kira zemijan ko oleyiya, ba wani ne ya zauna ya tsara shi ba. Daga Benin ya shigo, ya kuma samu gindin zama a lokacin dogon yajin aikin gama-gari da aka fara a Nuwamban 1992 aka shafe kusan wata tara ana yi, lokacin da motocin haya suka ɗauke ƙafa. Abin da aka ɗauka na wucin gadi ne, yau fiye da shekara talatin shi ne ƙashin bayan sufurin birni mai mutum sama da miliyan biyu. Akwai bas-bas na kamfanin SOTRAL, kuma kuɗinsu ya fi sauƙi ga talaka da ɗalibi, amma bas ba ya tashi sama, cunkoson da ya riƙe tirela shi ne zai riƙe shi, kuma ba zai shiga layin da babu kwalta ba. Magidancin da ke da shago a babbar kasuwa ko Hedzranawoe, ya zauna ya lissafa abin da yake kashewa a wata a kan babur shi da 'ya'yansa 'yan makaranta, zai ga wani harajin ne yake biya wanda ba a rubuta a takarda ba.

To amma ba za mu ɗora wa hukuma komai mu wanke kanmu ba, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya kasa kaya a kan hanyar masu tafiya a ƙasa har ya tura su tsakiyar titi? Wa yake zuba shara a cikin 'yan magudanan ruwan da ake da su? Wa ya sayi fili a cikin fadamar Zio saboda araha, alhali mai sayarwa da mai saye duk sun san ruwa yana kwana a wurin, sannan idan ambaliya ta zo a ce gwamnati ta yi sakaci? Tun kafin hatsarin 2024, mutum nawa ne a cikinmu suke hawa gadar tsallakawa, nawa ne kuma suke kutsawa ta ƙarƙashinta da gudu, wai hawa matakala wahala ne? Akwai kuma wata tsohuwar ɗabi'a ta gudun malaman ƙidaya, wani don tsoron haraji, wani don ba shi da takardar zama, wani kuma don an gaya masa ƙirga 'ya'ya yana kawo mutuwa. Duk gidan da ya ɓoye mutum biyar, ya rage wa unguwarsa hujjar neman aji a makaranta da famfo da titi.

Wannan batu na alaƙar adadi da hanya ba mu muka ƙirƙiro shi ba. A ƙasar Indiya, a watan Disamban 2000, gwamnatin Atal Bihari Vajpayee ta ƙaddamar da wani shiri na hanyoyin karkara wanda aka gina shi a kan ƙa'ida mai sauƙin fahimta: duk ƙauyen da ƙidaya ta nuna yana da mutum 500 zuwa sama, ko 250 a yankunan duwatsu da hamada, ya cancanci hanyar da mota za ta iya bi rani da damina. Ɗan ƙauyen da bai taɓa ganin ɗan majalisa ba yana iya buɗe littafin ƙidaya ya nuna sunan ƙauyensu da adadinsu, ya ce ga haƙƙinmu. Ba mu ce komai ya tafi daidai a can ba, amma ƙa'idar ta raba hanya da alfarma. A nan kuwa akwai layi guda a Zongo da mutanen cikinsa sun ninka 500 sau da yawa, amma samun kwalta ya danganta ne da ko wani babba yana da gida a layin. Makwabtanmu na Gana sun bi ta wata hanyar, inda a 2017 suka kafa asusu na musamman domin raya unguwannin Zongo. Ana iya gardama a kan yawan abin da asusun ya aiwatar, amma ko ba komai an rubuta sunan Zongo a cikin kasafin kuɗin ƙasa.

Wani abin da ke ba mu mamaki shi ne yadda aka manta da layin dogo. Jamusawa sun shimfiɗa layin Aneho a 1905, na Kpalime a 1907, sannan na arewa zuwa yankin Atakpame, wanda Faransawa suka ƙarasa da shi Blitta a 1934. Wannan layi na arewa ta Agowe da Togblekope ya ratsa, kuma iyayenmu sun hau shi da kayansu da dabbobinsu kafin a daina jigilar fasinja. Ko da ƙarafunan sun tsufa, filin da layin ya bi dukiya ce, domin abin da ya fi tsada wajen yin sabuwar hanya a cikin birni shi ne rushe gidaje da biyan diyya, wannan kuwa an riga an share shi fiye da shekara ɗari. Senegal ta yi amfani da tsohon layinta ta buɗe jirgin fasinja tsakanin Dakar da Diamniadio a Disamban 2021, Legas ma ta fara nata jirgin cikin gari a 2023. Ba mu ce Togo tana da kuɗin Legas ba. Amma jirgi mai 'yan taragu da zai riƙa kai da kawowa tsakanin Tsevie da Adetikope da Togblekope da tsakiyar gari safe da yamma, ko kuma a mayar da filin hanyar bas zalla, ba mafarki ba ne. Abin tsoron shi ne kafin a farga, masu gini da masu kasa kaya sun cinye filin taku bayan taku, ranar da za a bukace shi kuma a tarar sai an sake wata rusau irin ta 1977.

Tun daga zaɓen ƙananan hukumomi na 30 ga Yuni, 2019, wanda shi ne na farko tun 1987, muna da magajin gari da kansiloli a nan Togblekope, ba sai an je cikin gari neman wanda za a kai wa kuka ba. Gaskiya ne babbar hanyar ƙasa da layin dogo sun fi ƙarfin ƙaramar hukuma, na ma'aikatar ayyuka da ta sufuri ne. Amma layukan cikin unguwa, da magudanan ruwa, da fitilun kan hanya, da tsara wuraren tsayawar babura da masu ƙafa uku, da hana kasa kaya a bakin titi, duk suna cikin abin da majalisar ƙaramar hukuma take da ta cewa a kansu, kuma daga harajin kasuwa da na shaguna da muke biya ake yin kasafinta. Zaman da ake tattauna kasafin nan ba a ɓoye ake yin sa ba, doka ta ba ɗan ƙasa damar shiga ya saurara. Muna kira ga sarakunan Zongo da limamai da shugabannin 'yan kasuwa da ƙungiyoyin direbobi da na mata, su zauna tun kafin zaman kasafi mai zuwa, su fitar da layuka uku ko huɗu da suka fi ɗaukar jama'a, waɗanda za su sada cikin unguwa da asibiti da makarantu da kasuwa ba tare da an hau babban titi ba, su rubuta adadin gidaje da na ɗaliban da ke bin kowane layi, su sa hannu, su kai wa magajin gari da shugaban gunduma, su kuma ajiye kwafi. Mu a namu ɓangaren za mu karanta takardar a rediyo da Hausa da Kotokoli da Ewe, ranar da aka miƙa ta, da kuma duk ranar da aka cika wata uku ba a samu amsa ba.